Zaren da ke Hannun Mai Agogo

A sashen ido na asibitinmu, kafin mara lafiya ya buɗe baki mun riga mun kalli hannunsa. Ba a makarantar jinya aka koya mana wannan ba, a bakin aiki muka tsince shi. Mutane suna zuwa mana da zare a jiki iri-iri: a wuyan hannu, a idon sawu, a wuya, wani ma a ƙugu can ƙarƙashin riga, sai ya zo hawa gadon tiyata za ki gani. Wata uwa ta ɗaura wa jaririnta don ta riƙa gane ko yana ƙiba, in zaren ya matse ta yi murna ta sake wani. Wani alkawari ya yi tsakaninsa da Mahaliccinsa, ba zai kwance ba sai buƙata ta biya. Wani kuma in kin tambaye shi sai ya ce shi ma haka ya tashi ya gani, kuma kada ki taɓa. Tun ina sabuwar ma'aikaciya na ga wata tsohuwa ta sauko daga gadon tiyata, an riga an ɗiga mata magani a ido, ta ce ta fasa, saboda wani mai rawar kai ya sa almakashi ya datse mata zaren wuya bai tambaya ba. Daga ranar muka daina yankewa. Sai mu tambayi mai shi, in ya yarda mu rufe zaren da filasta, a yi aiki a gama, a ɓare filastar, kowa ya tafi da abinsa.

Da tafiya ta yi nisa sai muka ƙara wa kanmu wani karatu, wanda ba wanda ya sa mu. Muka lura cewa zaren da ya yi baƙi da datti, ya sirance har ya kusa tsinkewa, mai shi yawanci shi kaɗai yake zuwa. Wanda kuwa nasa sabo ne fes, ƙullin a tsare, to akwai hannu a gida da ke kula da shi, don mutum ba ya iya ƙulla wa wuyan hannunsa zare da hannu ɗaya. Muka riƙe wannan kamar awon jini. In muka ga sabon zare hankalinmu ya kwanta, ba ma tsawaita tambaya.

Baba Mai Agogo kullum nasa sabo ne.

Na san shi tun kafin ya zama mara lafiyarmu. Teburinsa yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene kusa da inda nake sauka daga mota in zan zo aiki. Ɗan tebur ne mai akwatin gilashi a kai, cike da agogunan da masu su suka kawo gyara ba su dawo ba, ga ƙananan sukudireba a jere kan tsumma, ga matsefata ta ɗaukar ƙananan ƙusoshi, ga wani ɗan madubi da yake maƙalawa a ido ɗaya in zai leƙa cikin agogo. Dogo ne, siriri, rigarsa a goge ko da ta koɗe. Na sha tsokanarsa in na kai masa canjin batir, in ce mai gyaran agogo guda amma ba ya ɗaura ko ɗaya, sai zare kamar jariri. Yakan yi murmushi ya ce wurin ya riga ya sami mai shi.

Da waya ta shigo hannun kowa, masu ɗaura agogo suka ragu. Wani mai gyaran waya ya kafa rumfarsa a gefensa, yau ya ci taku ɗaya gobe ya ƙara, har teburin Baba ya koma lungun da rana ba ta kaiwa. Mai wayar ga layin mutane, ga kiɗa yana tashi, Baba kuma a zaune hannu bisa gwiwa yana kallon ƙafafun masu wucewa. Bai daina fitowa ba. Da safe ya share gabansa, ya goge gilashin, ya ba agogunan da ba mai zuwa karɓa wani don kada su tsaya, ya zauna.

Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, wani ciwo ne ya cinye shi tun yana da sauran ƙarfi. Na daman, wanda yake maƙala wa madubin, shi ne ya ci da shi duk rayuwarsa, shi ne kuma yanar ido ta rufe a hankali. Ranar da ya zo sashenmu da sanda yana laluben bakin benci, na ji ba daɗi, don mutumin da na sani yana zare ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba ne yanzu ba ya gane fuskata sai na yi magana. Likita ta duba ta ce yanar ta nuna, aiki ne mai sauƙi, in Allah ya yarda zai gani. Sai dai likitar tiyatar ba kullum take zuwa mana ba, masu jira kuma sun yi yawa, wanda ya rasa ranarsa sai ya koma ƙarshen layi, idon Baba kuwa ba shi da wannan lokacin.

Akwai kuma ƙa'idar da ba ma ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Ranar aiki dole mara lafiya ya zo da ɗan rakiya, don a ranar ake sallama, ido a rufe da bandeji sai washegari a buɗe. Ga mai ido biyu abin da sauƙi, yana lallaɓawa da ɗayan. Ga Baba kuwa, in an rufe na dama duniya ta rufe ke nan gaba ɗaya. Ni da bakina na faɗa wa masu zaman benci wannan, da ƙarfi yadda na saba, cewa wanda bai zo da ɗan rakiya ba kada ma ya wahalar da kansa. Yana zaune yana ji.

Da na zo kansa na ce, "Baba, wa zai rako ka?"

Sai ya ɗaga hannun nan mai zare ya ɗan girgiza shi yana murmushi. Na ce to, Gwaggo uwargidansa ce ke nan, madalla. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Daga nan Gwaggo ta zama tamu. Duk zuwan da ya yi awon jini da awon ido sai ma'aikata sun tambaye shi ya Gwaggo, a ce ai ta iya ƙulli, a ce tsohuwar nan ba ta bari nasa ya tsufa, lallai ana ji da shi. In zai tafi mu ce a gaishe ta, ya ce za ta ji. Ni har cewa na yi ranar aiki zan ga matar da ta hana mai agogo ɗaura agogo.

Ranar ta zo. Ya riga kowa isowa, ya zauna a ƙarshen benci kusa da ƙofa, sanda tsakanin ƙafafu, hula a daidaice. Na tambaye shi ina 'yar rakiya, ya ce ana tafe. Benci ya cika da tsofaffi da masu rakiyarsu, wannan 'yarsa na gyara masa wuyan riga, waccan jikarta na mata fifita da katin asibiti, wani ɗa yana ta faɗa da uwarsa a kan ta ci abinci bayan an ce kada ta ci. Aka fara kira. Duk wanda aka fito da shi da farin bandeji a fuska sai hannaye biyu su tarbe shi, a lallaɓa da shi zuwa waje. Duk lokacin da ƙofar waje ta yi ƙara sai Baba ya juya kunnensa wajen, ya saurari takun, ya mayar da kai.

Rana ta take, na sake tambaya, ya ce ƙila mota ce ta yi wuya. Raina ya fara ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci ba na iya ɓoyewa. Na ce wa abokiyar aikina wannan Gwaggon ta iya ɗaura zare amma ba ta iya duba lokaci ba, a gidan mai agogo kuwa. Na tsallake sunansa na kira na bayansa, na sake tsallakewa. La'asar ta gabato benci ya zama ba kowa sai shi, mai shara ta zo tana goge ƙasa ta ce ya ɗaga ƙafa, ya ɗaga, ta goge ta wuce.

Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin shiri, na fito ne in gaya masa likita ta kusa tashi. Tun safe yake murza zaren nan da yatsa, yana ja yana saki, ashe har ya ci ƙarfinsa. A gabana ya tsinke ya faɗo kan cinyarsa. Bai san ina wurin ba. Ya lalubo guntun ya sa a aljihu, ya zaro wani sabo daga ɗaya aljihun, an riga an yanka shi daidai tsayi. Ya ɗora a wuyan hannu, ya danne da gwiwa, ya zagayo da shi, ya kama bakin zaren ɗaya da haƙori ɗaya da yatsu, ya ja. Ya sake zagayowa ya ja. Kafin in ƙifta ido ƙulli ya zauna a tsare, irin wanda muka yi watanni muna yabon Gwaggo a kansa. Hannun da ya yi wannan ba yau ya fara ba.

Na je na zauna kusa da shi a bencin, abin da ban taɓa yi da mara lafiya ba in ina bakin aiki.

Na ce, "Baba, Gwaggo fa?"

Ya ce, "Ta riga mu gidan gaskiya, Sista. An daɗe."

Sauran a hankali ya faɗe shi, fuskarsa na kallon bango. Ya ce a gidan su matarsa haka suke yi, mace ta ɗaura wa mijinta zare a hannu ranar da ya fara fita nema daga ɗakinta, in ya tsinke ita za ta sake, ba wani ba. Ba magani ba ne, ba tsari ba ne, shi da farko ma dariya abin ya ba shi. Ma'anarsa kawai akwai mai jiran dawowarka. Ita saƙa take yi, hulunan jarirai da safa, tana da wani gwangwanin biskit cike da zare, daga ciki take yanko masa. In ya dawo da yamma hannun take fara kamawa ta duba kafin ta karɓi ledar cefane. Sun haifi ɗa ɗaya, yana wata ƙasa mai nisa da iyalinsa, yakan kira, yaron kirki ne, sai dai kiran gajere ne kuma kullum yana kan hanyar zuwa wani wuri. Bai gaya masa zancen idon ba, wai kada ya ɗaga masa hankali a kan abin da ba zai iya zuwa ba.

Bayan rasuwarta zaren ƙarshe da ta ɗaura ya yi watanni kafin ya tsinke. Ranar da ya tsinke ya fita da hannu haka nan, ya zauna a teburinsa, ya ce sai ya ji kamar ya fito ba riga. Ya kasa taɓa agogo ko ɗaya. Da ya koma gida ya buɗe gwangwanin, ya yi ta fama da haƙori har ya iya. Tun daga nan bai sake fita da hannu ba komai ba.

Na tambaye shi to wa yake jira tun safe. Ya ce mai gyaran wayar nan ne, ya roƙe shi tun makon jiya, ya ce ba damuwa Baba, in Allah ya yarda zai rufe rumfa ya zo. Ya ma kare shi, wai ranar kasuwa ce gare shi, mai iyali ne. Ni dai na san irin wannan in Allah ya yardan, wanda ake faɗa ido na kan waya. Da na ce me ya hana shi gaya mana gaskiya tun farko, sai ya ce ai ya ji abin da na faɗa a benci. Ya ce kuma da muka ce a gaishe ta, ya daɗe bai ji an ambace ta kamar tana nan ba, sai ya kasa gyara mana.

Haushi ya kama ni, na rasa wa zan ji haushinsa. Na tashi na shiga wurin likita, tana wanke hannu za ta cire rigar aiki. Na gaya mata. Ta ce ba za ta rufe wa mutum idonsa ɗaya tilo ta sake shi a titi ba, kuma gaskiyarta ne, an taɓa yin haka a wani wuri mutumin ya faɗa kwata. Ta ce in na samo masa gado ya kwana za ta yi aikin yanzu, in babu sai wani zuwan. Na haura ɗakin maza da saurina. Sistar can ta ce gadajensu na masu ciwo ne, ba masaukin baƙi ba ne. Na ce mata ga gado can an sallami mai shi tun azahar, ko katifar ce ke jinya? Muka yi ta, ta faɗa na faɗa, har masu jinya suka fara leƙowa. A ƙarshe ta jefo mini zanin gado ta ce gobe da safe ta ga wurin ba kowa. Har yau gaisuwarmu sama-sama ce, ko a jikina.

Da na zo shirya shi na ce, "Baba, zan rufe zaren da filasta, ba zan yanke ba." Ya miƙo hannun ya ce ya sani, ya ji ana faɗa a benci cewa nan ba a yankewa, shi ya sa ma ya yarda ya zo. Na naɗe wuyan hannun da farar filasta har zaren ya ɓace.

Aikin bai daɗe ba. Ni na tura kekensa zuwa ɗakin maza, lokacin masu dubiya sun cika wurin. Kowane gado an kewaye shi, ga kuloli, ga filas, ga yara ana hana su hawa gado, ana ta yi wa marasa lafiya sannu. Gadon Baba yana ƙarshe wajen taga. A kan durowarsa ba komai sai hularsa, takalmansa a ƙasa a jere, sandar a jingine. Ya kwanta rigingine, bandeji a ido ɗaya, ɗayan a buɗe ba ya ganin komai, hannun nan mai filasta a kan ƙirji. Matar da ke jinyar na kusa da shi ta zuba shayi ta miƙo, ta ce ina masu jinyar wannan bawan Allah, ya amsa da kansa ya ce suna tafe. Na riƙe masa kofin ya sha. Da zan tafi ya ce agogon bangon ɗakin nan yana jan ƙafa, yana ji a bugunsa, in idon ya buɗe zai duba musu. Na ce ya bari idon ya buɗe tukuna. Na tashi aiki na tafi gida.

Washegari da safe na sauko da shi sashenmu. Likita ta ɓare bandejin, ta goge idon, ta ce ya buɗe a hankali. Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa, hawaye na zuba saboda haske. Ta ɗaga yatsu ya ƙirga daidai. Ya kalle ni ya ce ashe Sista ta yi furfura, na ce shi ya sa na fi son sa da yanar. Muka yi dariya har likita. Na nuna masa maganin ɗigawa, na ce wa zai riƙa ɗiga masa, ya ce wanda ya yi shekaru yana ɗiga mai a cikin agogon mata ba zai kasa samun idonsa ba.

Saura filastar hannu. Na kama bakinta na ɓare a hankali don kada ta ja zaren. Ya ɗaga hannun kusa da fuskarsa, ya juya shi, ya matsar da shi wajen taga. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Sista, wannan wane launi ne?"

"Ruwan hoda ne, Baba."

"Na jiya ne kawai, ko?"

Na so in ce e. Na ce, "Tun da ka fara zuwa nan haka muke ganinsa."

Ya daɗe yana kallon zaren. Ya ce ita shuɗi take ɗaura masa, shuɗi mai haske, tun ranar farko ba ta taɓa canzawa ba. Ruwan hodan na safar jarirai mata ne. Ya ce ashe shuɗin ya ƙare a gwangwanin bai sani ba, ya ci gaba da yanka daga wanda hannunsa ya taɓa. Ya yi ƙoƙarin lissafa tun yaushe, ya kasa.

"Kullum ina zaune a bakin hanya," in ji shi. "Ba wanda ya ce mini komai."

Mu ma mun gani, mun ɗauka zaɓin Gwaggo ne, har muna cewa tsohuwa da son kwalliya. Na ce in yana so akwai shagon kayan ɗinki a bakin asibiti, sai in aika a samo shuɗi. Ya girgiza kai. Ya ce wanda za a sayo ba daga gwangwaninta ya fito ba.

Ya ja hannun riga ya rufe zaren, ya sa hula, ya karɓi maganinsa ya yi mana godiya ɗaya bayan ɗaya. Na raka shi bakin ƙofa. Sandar tana hannunsa amma ba ya dogara ta, ya tsaya ya duba hagu ya duba dama, ya tsallaka titi shi kaɗai.